Ranar da Aka Wanke Fuskar Inna a Ƙwarya

Shekaranjiya 'yata ta dawo daga makaranta da ɗan akwatin fentin ruwa, irin mai ƙwayoyin kala a jere kamar alewa. Ta baje a tsakar ɗaki, ta ɗebo ruwa a kofi, tana ta tsoma buroshi. Ina ninke kaya ina kallon kofin ta gefen ido. Ruwan ya fara yin shuɗi, ya koma ja-ja, can sai ya rikiɗe ya zama wata irin kala mai kama da toka da laka, wadda ba ta da suna. Ban san lokacin da na miƙe na fizge kofin na watsar a magudana ba. Yarinya ta fashe da kuka, ubanta ya leƙo yana tambaya ko lafiya. Na ce lafiya lau. Ƙarya na yi masa. Ku dai zan gaya muku, don na gaji da riƙe abin nan ni kaɗai, kuma ina gaya muku tun yanzu, ba da sanyin rai zan ba da labarin ba.

A wani ƙauye na tashi tsakanin Gummi da Bukkuyum, kusa da gulbi. Gidanmu ba shi da yawa. Baba ne, da Inna, da ni, sai Gwaggo, yayar Baba, wadda mijinta ya rasu ta dawo gidan ƙanenta da zama. Na ce da zama, amma gaskiya da mulki ta dawo. Ita ke cewa a buɗe rumbu, ita ke cewa a rufe. Baba mutum ne mai haƙuri, haka kowa ke faɗa, kuma na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin yabo. Sai da na girma na gane akwai haƙurin da tsoro ne kawai aka sa wa riga. In Gwaggo ta yi magana, Baba ƙasa yake kallo yana tsinkar bakin tabarma.

Lungu biyu daga gidanmu akwai gidan su Inna, inda ƙanenta yake, Kawuna. Kawu mai zayyana ne. In alhaji ya gina zaure, shi ake kira ya ƙawata bangon. Shi ke fentin ƙofofin shaguna, shi ke yi wa motocin katako masu zuwa kasuwar Anka ado a baya. Da fentin mai yake aiki, don haka kullum warin kananzir yake yi, ko ranar Juma'a ya sha wanka ya sa turare sai ka ji shi a ƙasa-ƙasa. Abin da yake zanawa kuwa dagi ne, da lanƙwashe-lanƙwashe masu shiga juna, da taurari, da ganyen da babu itacen da ke fitar da irinsa. Kore, ja, ruwan ɗorawa, duk a haɗe. Mutane na son aikinsa ƙwarai, kuma babu mai tambayarsa ma'ana. Ni ce kawai mai tambaya, don ni yarinya ce mai shegen surutu. Na taɓa nuna wani zane a bangon zauren mai unguwa na ce, Kawu, wannan mene ne? Ya ce, "Ba komi na ba, ɗiyata. Kyawo na kurum."

Wata shekara aka kira shi Gusau ya yi wa wata makaranta fenti. Ya yi wata guda, ya dawo da abu biyu da wani malamin zane ya ba shi a can: akwatin fentin ruwa da wata tsohuwar mujallar Turawa da bangonta ya fita. Ina tuna ranar da ya buɗe mana ita a gindin ɗurumin gidansu. A shafi ɗaya akwai wasu faci-faci na kala, murabba'i a kan murabba'i, da wani layi da aka ja kamar da fushi. In ka juya shafin sai ka ga wata tsohuwa zaune ta ɗora hannuwa a cinya, da wani mutum tsaye bakin ƙofa da hula a hannu. Kawu ba ya karanta Turanci sosai, malamin ne ya ba shi labari. Wai duk aikin mutum ɗaya ne, wani Ba'amurke. Ya yi shekara da shekaru yana zana abin da babu mai iya cewa ga shi, har ya yi suna a kan haka, rannan sai ya ajiye, ya ɗauki fentin ruwa ya koma zana mutanen da ke kusa da shi. Kawu ya daɗe yana kallon tsohuwar nan. Sannan ya ce, "Wanga mutum ya gaji da ɓoyo." Inna ta yi dariya ta ce to kai ma sai ka gaji, mu gani.

Ashe da gaske ya gaji. Bai bar aikin bango ba, don da shi yake ci, amma duk la'asar sai ya zauna da akwatin nan. Akuyar gidansu ya fara zanawa, ta fito kamar kare, muka yi ta yi masa dariya. Ya zana Bafulatanar da ke kawo mana nono, ta baya, da ƙwaryarta a ka. Ya zana hannuwan tsohon maƙerin garinmu. A hankali hannunsa ya faɗa. Na zauna kusa da shi har na san yadda abin yake. Ba ya amfani da ruwan rijiyarmu, wai yana da ja, yana ɓata kala, sai ruwan sama da yake tara a tulu. Yana jiƙa takarda mai kauri ya manna ta a kan katako da ƙananan ƙusoshi. Babu farin fenti, inda yake son haske sai ya bar takardar yadda take. Kuma abin ba ya son gyara. Fentin mai in ka yi kuskure ka bari ya bushe ka shafe, wannan kuwa in ka koma kansa sau uku ya zama laka. Da bazara yana fushi don takarda na bushewa kafin ya gama tunani. Damina ce lokacinsa, iska da laima, kala na tafiya a hankali.

Ya dai zaɓi lokaci marar daɗi. Shekarun nan ne aka fara maganar shari'a a jiharmu, direbobi na kawo masa motoci ya shafe zakuna da gaggafa da wasu suka zana musu a baya, ya mayar da furanni. Da safe yana goge masu rai, da yamma yana zana su. Mutane suka fara gunaguni. Liman ya kira shi zaure ya gaya masa zanen mai rai bai kamata ba, sau ɗaya, cikin mutunci, bai tara masa jama'a ba. Ni ba ni da faɗa da Liman. Ya faɗi abin da ya karanta, kuma za ku ji nan gaba cewa a duk dattawan garin shi kaɗai ya yi maganar hankali.

Ina shekara tara a daminar da nake ba ku labari. Kafin faɗuwar ruwa Inna ta haihu, ɗan bai zo da rai ba. Ta yi wankanta na jego, ta sha kununta, ta tashi ta ci gaba da aiki. Amma ni da ke manne da ita na ga abin da sauran ba su gani ba. In ta yi daka kaɗan sai ta jingina da taɓarya tana haki. Ta daina kwanciya sosai, sai ta tara matasai ta jingina. Ta fara ɗaura zane har ƙasa yana jan turɓaya. Wata rana da hantsi ta ce in zo in matsa mata ƙafa. Na ɗaga zanen, na ga ƙafafun sun kumbura suna sheƙi. Na danna da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi dawowa. Na tsorata na ce zan kira Baba. Ta riƙe mini hannu.

"Kada ki hwaɗa ma kowa. Babanki shina tsakiyar noma, gulbi ya cika, wa za ya kai ni Gummi yanzu? Bari a yi kaka."

Na yi alkawari. Ku riƙe wannan da kyau, don shi ne abin da ke ci mini rai har yau: ciwon ya riga zanen. Da makonni ya riga shi. Na gani da idona, na taɓa da yatsana.

Bayan kwana kaɗan muka je gidan su Inna gaisuwa, ta tarar da Kawu da katakonsa. Ta zauna a kan turmi da aka kifa, ta gyara kallabinta shuɗi, ta ce, "To, mai gajiya da ɓoyo, taho ka yi ni." Kawu ya ɗauka wasa take, don ita ce ta fi kowa tsokanarsa. Ta ce ba wasa ba ne. Yanzu na san dalili. Inna ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Akwai wanda ke ɗauka a Gummi da salla, amma Baba bai ga amfanin abin ba, ita kuma ba ta roƙa ba. Ta ji jikinta, ta san abin da ta sani, ta dube ni, ta yanke shawararta ita kaɗai.

La'asar uku suka yi. Baba na gona, Gwaggo na zaton gaisuwar tsohon mahaifin Inna muke zuwa. Ina zaune a ƙasa ina riƙe masa gwangwanin ruwa. Inna ta kasa zama shiru, tana ta ba mu labarin yadda Kawu ya taɓa faɗawa rijiyar lambu yana yaro, shi kuma yana cewa don Allah ki rufe baki, bakin nike yi. Ran na uku ya cire ƙusoshin ya juyo mana da takardar. Wallahi na ja da baya. Inna ce. Ba kama ba, ita ce, zaune, kai a ɗan karkace yadda take yi in za ta yi dariya ta fasa. Ita kanta ta daɗe tana kallo. Ta ce ashe haka nike. Sannan ta miƙo mini ta ce nawa ne, ba na Baba ba, ba na kowa ba. Muka kai gida a cikin gyalenta, muka sa a ƙasan jerenta, cikin babbar kwalla ta ƙarshe wadda ba a taɓa dafa komai a ciki ba, muka rufe.

Mako biyu bayan haka ta faɗi a bakin murhu.

Daga ranar ba ta ƙara tashi ba. Numfashi ya zama mata aiki. Fuska ta kumbura, ciki ya kumbura. Aka yi jiƙe-jiƙe, aka yi hayaƙi. Liman ya zo dubiya, ya tsaya daga bakin ƙofa ya saurari numfashinta, ya fito ya ce wa Baba a kai ta asibiti, yau ba gobe ba. Baba ya ce gulbi ya kawo, a bari kwana biyu ya ja. Kwana biyu! Mutane na ƙetarewa da buhunan taki a kwalekwale kullum, amma matarsa sai ruwa ya ja.

Cikin kwana biyun nan ne wata maƙwabciyar su Kawu ta zo dubiya, ta ja Gwaggo gefe ta gaya mata abin da ta hango ta saman darni, wato Kawu yana zana Inna. Shi ke nan. Gwaggo ta samu abin da take nema, wato dalili mai sauƙi wanda ba ya buƙatar kowa ya ƙetare ruwa. Ta fito tsakar gida tana tafa hannu. Mace lafiyarta lau, an zauna an kwashe kamanninta an sa a takarda, mako biyu ta faɗi, sai a ce mene ne? Takardar ta riƙe mata kurwa. "Takarda ta sha ta," haka ta ce, ta maimaita har sau nawa. Kuma ta san magani. Yadda ake wanke rubutu a allo a ba marar lafiya ya sha, haka za a wanke zanen a ba ta, abin da aka ɗauka ya koma jikinta. Ba malami ya gaya mata ba, ba boka ba. A kanta ta ƙera shi, tsaye a tsakar gida, kuma da yake ita ce Gwaggo aka karɓa. Matan unguwa suka gyaɗa kai suna cewa ai kuwa haka ne. Baba na zaune yana tsinkar tabarma.

Ranar Kawu ba ya gari, ya tafi Anka fentin ƙofar wani shago. Gwaggo ta birkice ɗakin Inna, ta ɗaga katifa, ta zazzage akwati, ba ta gani ba. Jeren kwalla bai zo mata a rai ba. Ta tambayi Inna, Inna ta juyar da kai bango. Sai ta juyo kaina. Ba ta dake ni ba. Da ta dake ni da na ji daɗi, don na saba da dukanta, da na cije. Durƙusawa ta yi a gabana, ta riƙe kafaɗuna da hannu biyu, ta sassauta murya.

"Kina son Innarki ta tashi, ko ba ki so?"

Na ce ina so.

"To ke ɗai kika riƙe da ita. In ta mutu, ke kinka hana."

Ku gaya mini, don Allah, wane irin babba ne ke ɗora wa 'yar shekara tara wannan kaya? Ina da amsa a bakina. Na san ƙafafun sun kumbura tun kafin a taɓa buroshi. Da na faɗa, wataƙila da Baba ya ɗago kai. Amma na yi wa Inna alkawari, kuma a can ƙasan zuciyata wani abu na cewa, in Gwaggo ce ke da gaskiya fa? In da gaske ni ce na rufe Inna a cikin kwalla fa? Na shiga ɗaki, na sauke kwallayen ɗaya bayan ɗaya, na ɗauko. Da hannuna na miƙa mata. Na yi shekaru ina zagin kaina a kan haka. Yanzu da nake da 'ya mai irin shekarun, na daina. Na mayar da zagin inda ya dace.

Wajen azahar ne, hadari ya haɗu bai zubo ba, gari ya yi zafi da nauyi. Gwaggo ta kawo sabuwar ƙwarya da ruwa ta ajiye a bakin gadon Inna, wai dole a yi a gabanta. Inna ta ga takardar, ta gan ni. Ta yunƙura za ta tashi ta kasa. Da ƙyar maganar ta fito.

"Ba naku na ba. Na ɗiyata na. Ku bar mata."

Gwaggo ta ce ji, ciwon ne ke magana. Ta yi bisimilla ta tsoma.

Na gaya muku na san halin fentin nan. Ba ya jayayya da ruwa. Shuɗin kallabin ne ya fara tashi, ya bi ruwa kamar hayaƙi. Sai zanen jikinta. Fuskar ta ɗan tsaya, don Kawu ya bi ta a hankali, hawa-hawa, kuma na yi zaton za ta tsira. Gwaggo ta sa tafin hannu ta murza. Sau biyu kawai. Da ta ɗago takardar babu komai sai ɗan layin fensir inda kafaɗa take. Ta matse ta kamar tsumma, ta miƙa wa wata mata ta ce a jefa a murhu.

Aka tallafo Inna aka kai mata ludayi baki. Ta datse haƙora. Suka yi lallashi, suka yi faɗa, ta ƙi. Sai Gwaggo ta ce a ba yarinyar, daga hannunta za ta karɓa. Aka danƙa mini ludayin. Ina kuka, ruwan na zuba a kan zanenta. Ina cewa Inna ki sha, don Allah ki sha ki tashi. Ta dube ni ta daɗe. Ta san ruwan banza ne, ta fi kowa sani. Amma ta ga in ta ƙi, zan rayu ina cewa da ta sha da ta warke. Ta buɗe baki ta sha. Ludayi uku. Sannan ta ɗora hannu a kaina ta ce ya isa, kin yi naki.

Da la'asar Kawu ya dawo, labari ya riga shi zuwa bakin gari. Ya shigo gidanmu ko sallama babu, da fenti a hannuwansa. Ya ga ƙwaryar da sauran ruwan. Ya tambaya wa ya ba su takardar. Duk suka dube ni. Ya dube ni shi ma. Bai taɓa ɗora mini laifi ba, ranar ko bayanta. Wajen Baba ya juya. Ban taɓa jin Kawu ya ɗaga murya ba sai ranar. Ya ce, "Kana zaune! Matarka na mutuwa kana zaune, ana ba ta ruwan fenti! Mi kake jira, gulbi shi ƙahe?" Gwaggo ta taso tana cewa kai ka jawo, kai da shegen zanenka. Bai ko kalle ta ba. Ya shiga ya naɗe yayarsa a bargo ya saɓa ta a kafaɗa. Sai a lokacin Baba ya miƙe ya bi shi, yana neman takalmi.

Sun ƙetare lafiya lau. Mai kwalekwale bai ko yi gardama ba. A asibiti, kamar yadda Kawu ya gaya mini daga baya, ma'aikacin ya danna ƙafarta yadda na danna, ya ce zuciya ce, kuma wannan ba ciwon mako biyu ba ne, ya daɗe, me ya sa sai yanzu? Kwananta huɗu a can. Ban ƙara ganinta ba, don a can aka yi mata sutura.

Kun san abin da Gwaggo ta ce a zaman makoki? Ina zaune a bayanta na ji da kunnena. Ta ce wa matan da suka zo gaisuwa, an makara ne wajen wankewa. Da yarinyar ta fito da shi da wuri, da an ceto ta. Tir! Kuma suka ce Allah sarki, suka juyo suna kallona da tausayi.

Bayan arba'in Kawu ya sake jiƙa takarda. Ya ce zai mayar mini da abina. Ya zauna a gindin ɗurumin nan, turmin na kife a gabansa babu kowa a kai. Ya yi na farko ya kira ni. "Ita ta?" Na ce a'a. Ya yi na biyu, ya yi na uku. Kallabin daidai, zaman daidai, hannuwan ma daidai. Fuskar ce ke fitowa ta wata mata da ba mu sani ba. Wani lokaci sai ta yi kama da kakata, wani lokaci da shi kansa. Shi mutum ne da ke zana abin da ke gabansa, bai iya zana abin da ya tafi ba. Har kaka ta wuce yana yi. Na ga yana ramewa, na ga ya daina zuwa aikin bango. Rannan ya nuna mini wani, na ce masa ita ce, Kawu, wallahi ita ce. Ya dubi takardar, ya dube ni, ya ce, "Ƙarya kike, ɗiyata. Na gode." Ya yaga. Akwatin ya ba 'ya'yan maƙwabta suka yi wasa da shi har ya ƙare. Ya koma kan dagi da taurari da ganyen da ba na kowane itace ba, kuma har ya tsufa bai ƙara zana ko kaza ba. Mutanen gari suka ce ya shiryu.

Ni kuwa fuskar ta zauna mini shekara biyu ko uku, sannan ta fara gushewa. Lokacin da aka kai ni makarantar kwana na farka wata safiya na neme ta na rasa. Na san abubuwa game da ita. Na san tana da wushirya, don kowa na faɗa. Na san tana da tsagar gidansu a kumatu. Na san muryarta, na san ƙamshin man da take shafawa, na san nauyin hannunta a kaina. Amma in na rufe ido in haɗa su, shuɗin kallabi kawai nake gani, ƙarƙashinsa babu komai. Baba ya rasu ban tambaye shi ba, don na san tabarma zai tsinka. Dangi in na tambaya sai su ce ai ke ce ita sak. Na tsaya gaban madubi har na gaji, ni dai ni nake gani.

Yau duniya ta canza, ba sai na gaya muku ba. Ƙauyenmu ya watse saboda rashin zaman lafiya, kowa ya nemi inda zai fake. Kowane yaro na da waya, ana ɗaukar hoton jariri tun kafin a yanke cibiya, ana ɗaukar tuwo, ana ɗaukar akuya. Matan da suka gyaɗa kai a tsakar gidanmu, waɗanda suka rage, duk suna da hotuna a katin zaɓe da na asibiti, babu wadda kurwarta ta maƙale.

Gwaggo na nan da ranta. Ta tsufa tukuf, tana zaune wajen jikanta a Gummi. Bara na je suna a gidan, na shiga gaishe ta don ba yadda zan yi. Ta gane ni. Ta ga waya a hannuna sai ta washe baki, ta ce in ɗauke ta in tura wa ɗanta da ke kudu, ya daɗe bai gan ta ba. Na tsaya ina kallonta. Na ɗauka. Na nuna mata, ta kawo fuska dab da gilashin tana ƙifta ido.

"Assha, ban yi kyawo ba. Goge, ki sake wani."

Na sauke wayar. Shekara ashirin da wani abu ina shirya abin da zan gaya wa matar nan, amma abin da ya fito shi ne, Gwaggo, ba ki tsoron ya riƙe miki kurwa?

Ta kwashe da dariya har da tari. Ta ce, "Kurwa? Ke da iliminki? Wa yag gaya maki wanga shirme?"

Na duba idonta sosai ko tsokana take, ko kunya ce ta sa ta basarwa. Babu ko ɗaya. Ta manta. Ta manta ƙwaryar, ta manta ludayin, ta manta abin da ta faɗa a makoki. Ta gyara kallabi, ta ɗaga haɓa, tana jira.

Na sake ɗauka, na tura wa ɗanta. Na farkon ban goge ba. Fuskar Gwaggo har biyu gare ni a waya, ta Inna ko ɗaya ba ni da ita.